Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Aikin Rage Ƙiba da Shakkun da ke Gabansa

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Amma akwai lokacin da neman lafiyar kansa yake zama abin tsoro, watau ranar da likita ya dubi mutum ya ce masa ƙwaya da allura sun yi iyakar ƙoƙarinsu, saura wuƙa. Idan ƙari ne, ko gwaiwa, ko haihuwa ce ta zo da gardama, kowa yakan gane dalili, dangi su yi addu'a su sa hannu a takarda. To, ina ga a ce za a yanke wani sashe na tumbin mutum domin ya rame? Wannan magana ce da kunnen Bahaushe bai saba da ita ba, don haka duk wanda aka yi wa tayinta sai ya kwana yana juyi.

A wannan ɗan bayani za mu duba abin da ake nufi da aikin rage ƙiba, da wanda ya cancanci a yi masa, da irin shirin da ake bukata, sa'an nan mu tsaya a kan shakkun da kan dami mutum kafin ranar. Za mu aza maganar a kan mutumin Lafagu, a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, can wajen iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, domin wanda ke zaune nesa da manyan asibitoci shi ne shakkarsa ta fi tushe. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, shakka iri-iri ce. Akwai wadda ilimi yake kashewa, akwai wadda shawara take kwantarwa, akwai kuma wadda gargaɗi ce ta gaskiya, wadda bai kamata a danne ta ba sai an samo mata amsa.

2.0 Ƙiba a Idon Bahaushe

Harshe madubin tunanin masu shi ne. Idan Bahaushe ya ce wance "ta yi jiki" ko "ta murje", yabo yake yi, kuma rabin yabon na maigidanta ne, tun da ya nuna ci da sha sun wadata. Idan tumbi ya fito wa namiji sai abokan wasa su ce naira ta zauna. Rama kuwa, a ko'ina aka ambace ta, tare take tafe da ciwo ko talauci ko ɓacin rai. Mai karatu ya lura cewa da cutar nan mai karya garkuwar jiki ta bayyana, sunan da Hausawa suka raɗa mata, ƙanjamau, daga ƙanjamewa aka ciro shi. Ba Hausawa kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Maƙwabtanmu Zabarmawa na Nijar an san su da bikin hangandi, inda mata kan yi gasar ƙiba. A kasuwanninmu kuma har yanzu ana sayar da ƙwayoyin da ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata da amare kan sha don su ciko, alhali wasunsu suna jawo hawan jini da ciwon sukari.

Ba a rasa dalilin wannan tunani ba. Al'ummar da ta sha fama da fari da yunwa dole ta ɗauki jiki a matsayin rumbu. Sai dai zamani ya juya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta kai matsayin cuta. A gida Nijeriya, binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Gaskiya ne abin ya fi yawa a birane, kuma a karkarar Kebbi rashin isasshen abinci ga yara ya fi ƙiba zama ruwan dare. Duk da haka, a gidajen fatake da ma'aikata da attajiran shinkafa ba a rasa wanda nauyi ya hana shi sakat: gwiwa ta ƙi ɗaukarsa, sujada ta gagara sai a kan kujera, minshari da sarƙewar numfashi sun hana barci, ga sukari ga hawan jini. Irin wannan mutum ne muke magana a kansa.

3.0 Mene ne Aikin Rage Ƙiba?

Da farko ya kamata a raba abubuwa biyu da jama'a kan haɗa. Akwai aikin zuƙe kitse daga ƙarƙashin fata, wanda aikin gyaran sura ne, ba ya warkar da sukari ko hawan jini. Irinsa ne aka yi wa uwargidan Shugaba Olusegun Obasanjo, Stella, a wani asibiti a kudancin Sifen, inda ta rasu a watan Oktoba na 2005, daga baya kuma kotun ƙasar ta sami likitan da laifin sakaci. Wannan labari ya zauna a zukatan 'yan Nijeriya, har ya zama da an ce "aikin ƙiba" shi ne yake fara faɗo wa mutane a rai. Aikin da muke nufi a nan daban yake. A kan tumbi da hanji ake yin sa, kuma manufarsa magance cuta.

A shekarar 1966 wani likitan fiɗa mai suna Edward Mason, na Jami'ar Ayowa, ya fara aikin karkatar da hanyar abinci, bayan ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani sashe na tumbi saboda gyambon ciki sukan rame, ramar kuma takan daɗe. A farkon shekarun 1990 aka soma yin aikin ba tare da tsaga ciki ba. Ana huda 'yan ƙananan kafofi ne kamar huɗu ko biyar, a zura madubi mai fitila da kayan aiki masu tsawo, likita yana kallon allo yana aiki. Wannan ya rage ciwo da kwanan asibiti ƙwarai.

Iri biyu ne suka fi yawa a yau. Na farko shi ne rage tumbi, inda ake cire wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari nasa, a bar wani siriri mai kama da ayaba, wanda likitoci ke kwatantawa da hannun riga. Abin da aka cire ya tafi ke nan har abada. Na biyu shi ne karkatar da hanya, inda ake keɓe 'yar jaka daga saman tumbi wadda ba ta wuce girman ƙwai ba, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Tumbin da a da yake ɗaukar fiye da lita guda sai ya koma 'yan lomomi sun cika shi. Bugu da ƙari, sashen da ake cirewa a aiki na farko shi ne ya fi samar da sinadarin da ke tayar da yunwa, kuma duka ayyukan biyu suna sauya saƙonnin da hanji ke aika wa ƙwaƙwalwa da gaɓar da ke sarrafa sukari. Shi ya sa sukarin wasu yakan sauka tun kafin a ga rama a jikinsu.

Galibi mutum yakan zubar da wajen kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinsa a cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Wani dogon bincike da aka fara a ƙasar Suwidin a 1987, wanda ya bi sawun mutum fiye da 4,000, ya ba da rahoto a 2007 cewa mace-mace a tsakanin waɗanda aka yi wa aiki ya yi ƙasa da na waɗanda ba a yi wa ba da wajen kashi 29 cikin ɗari.

4.0 Wa ya Cancanta?

Ba duk mai jiki ake yi wa wannan aiki ba. Likitoci suna da ma'auni, wanda a takardun asibiti akan rubuta da haruffa uku, BMI. Ana samun sa ne ta raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau kansa. Alal misali, mu ƙaddara wata baiwar Allah ce a Lafagu, tsawonta mita 1.6, nauyinta kilo 105. Idan aka ninka 1.6 sau 1.6 za a sami 2.56, idan kuma aka raba 105 da 2.56 za a sami 41. Lafiyayyen ma'auni yana tsakanin 18.5 da 25 ne, daga 30 kuwa an shiga ƙiba mai cutarwa.

A shekarar 1991 wani taron masana da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta kira ya tsayar da cewa aikin ya dace da wanda ya kai 40, ko wanda ya kai 35 idan akwai wata cuta tare da ƙibar. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni guda biyu suka sassauta ƙa'idar zuwa 35 ko da babu wata cuta, da kuma 30 ga mai ciwon sukari ko makamancinsa wanda sauran hanyoyi suka gaza a kansa. Ke nan baiwar Allahn da muka kawo misali da ita ta cika sharaɗin lissafi. Amma lissafi ƙofa ce kawai. Akan dakatar da mai juna biyu, da wanda shaye-shaye ya kama, da mai taɓuwar hankali ko baƙin cikin da ba a shawo kansa ba, da kuma wanda ba zai iya komawa asibiti a kai a kai ba bayan aiki. Wannan sharaɗi na ƙarshe za mu komo kansa.

5.0 Shiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin wannan aiki watanni yake ɗauka, kuma ana iya kasa shi gida uku.

5.1 Shirin jiki

Za a auna jini, da sukari, da lafiyar hanta da ƙoda da zuciya, a duba numfashi lokacin barci, sau da yawa kuma a zura madubi ta maƙogwaro a leƙa tumbin. Abu biyu sun fi shafar mutanenmu. Na ɗaya, ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki ta yawaita a Nijeriya, idan an same ta sai an kashe ta tukuna. Na biyu, ƙarancin jini. Binciken 2018 da muka ambata ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekarun haihuwa jininsu bai kai yadda ake so ba, aikin kuwa yana rage yadda jiki ke tsotse sinadarin ƙarfe daga abinci. Wadda ta shiga da ƙarancin jini za ta fito da wanda ya fi shi, sai fa idan an gyara tun da wuri.

Mai shan taba sai ya bari aƙalla mako shida kafin aiki, domin hayaƙi yana hana ɗinki kamawa. Dole kuma mutum ya zayyana wa likita duk abin da yake sha, har da jiƙe-jiƙe da tsimi da garin magani na gargajiya, saboda wasunsu suna tsinka jini ko su yi karo da allurar barci. Ɓoye irin wannan don jin kunya kasada ce da rai. Mako biyu zuwa huɗu kafin ranar akan sa mutum a kan abinci kaɗan, marar maiƙo da zaƙi. Hikimar ita ce hantar mai ƙiba takan kumbura da kitse ta rufe tumbi, wannan horo kuwa yana sa ta saɓe, likita ya sami wurin aiki.

5.2 Shirin gida

Bayan aiki mutum zai yi mako ɗaya ko biyu ruwa-ruwa kawai yake sha, sa'an nan abin da aka dama ya yi laushi, sai wajen mako shida zuwa takwas ya koma abinci sosai, shi ma ɗan kaɗan, a tauna shi lilis. Abin da jiki ya fi bukata a lokacin shi ne abinci mai gina jiki. A nan mutumin Bagudo ya yi sa'a, domin ƙasar da Kogin Kwara ya ratsa ba ta rasa kifi, ga kindirmon Fulani, ga ƙwai da wake. Romon kifi da kindirmo marar sukari da alale mai laushi sun fi masa tuwon shinkafa da fura mai kauri. Lemon kwalba da kayan zaƙi sai haƙuri, domin musamman ga wanda aka karkatar wa hanya, zaƙi yakan faɗa hanji da sauri ya jawo jiri da gumi da bugun zuciya da zawo. Ba a kuma haɗa ci da sha a lokaci ɗaya, sai an ba da tazarar kamar rabin sa'a.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da sanin mai girki da masu cin kwano ɗaya. A gidan da ake cusa wa mutum abinci don nuna ƙauna, wanda ya yi loma uku ya tsame hannu zai sha tambaya. Gara a zaunar da mutanen gida tun kafin tafiya a yi musu bayani.

5.3 Shirin lokaci da aljihu

A Nijeriya galibin masu yin wannan aiki suna asibitoci masu zaman kansu ne a Legas da Abuja, wasu mutane kuma sukan tafi Indiya ko Masar ko Turkiyya. Kuɗin miliyoyin naira ne, kuma kuskure ne a lissafa kuɗin wuƙa kaɗai. Akwai masauki kusa da asibiti na aƙalla mako biyu bayan sallama, akwai ɗan jinya, akwai komawa duba lafiya, akwai ƙwayoyin bitamin na tsawon rai.

Zaɓen lokaci ma shiri ne. A bazarar Kebbi, watannin Maris da Afrilu, zafi yakan haura digiri 40, sabon mai aiki kuwa ba ya iya kwankwaɗar ruwa, sai kurɓi-kurɓi har ya haɗa lita ɗaya da rabi ko biyu a yini. Da damina kuma hanya ba ta da tabbas, kamar yadda ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa ta yanke hanyoyi a sassa da dama na jihar. Haka nan a dubi kusantowar watan azumi, a kuma sani cewa ana son mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan aiki. Wannan magana ce da sai miji da mata sun daidaita a kanta tun da fari.

6.0 Shakku da Yadda Ake Fuskantarsu

Ko an gama duk wannan shiri, da wuya a sami wanda zuciyarsa ba ta yi rawa ba idan rana ta matso. Likitocin fannin sun san da haka, ba su kuma ɗauke shi alamar rashin cancanta ba. Abin yi shi ne mutum ya fito da shakkun fili, ya ba kowace sunanta, ya ga wadda take da amsa.

6.1 "Idan ban farka ba fa?"

Wannan ita ce uwar shakku, kuma ba wauta ba ce, domin kowane aiki yana da haɗari. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2009 ya sami mutuwar wajen mutum 3 cikin 1,000 a kwana 30 na farko, a ƙwararrun cibiyoyi kuwa adadin ya sauko daga baya zuwa wajen 1 cikin 1,000, watau kusan daidai da na cire matsarmama. Manyan abubuwan da ake tsoro su ne yoyon ɗinki, da zubar jini, da daskarewar jini a jijiyar ƙafa wanda kan iya tafiya huhu. Sai dai mai karatu ya lura, waɗannan alƙaluma na wuraren da suka saba da aikin ne. Saboda haka maganin wannan tsoro tambaya ce, matambayi kuwa ba ya ɓata. Mutum yana da haƙƙin ya ce, "Likita, sau nawa ka yi irin wannan aiki? Idan matsala ta taso da tsakar dare, wa zan kira? Akwai ɗakin kulawa ta musamman a nan?" Likitan kirki ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Wanda ya harzuƙa, ko ya ce babu haɗari ko kaɗan, ya riga ya ba da amsa. Kada kuma a manta a aza haɗarin zama haka nan a ɗaya gefen sikeli, domin sukari da hawan jini su ma suna kisa, sai dai a hankali suke yi.

6.2 "Ba canza halittar Allah ba ne?"

Musulmi da yawa sukan tsaya a nan. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 18 da ta yi a ƙasar Malesiya a 2007, ta duba ayyukan fiɗa na gyaran jiki, ta kuma halatta rage nauyi ta hanyoyin da masana suka amince da su, har da fiɗa, idan nauyin ya zama cuta, babu wata hanya, kuma an amince ba za a cutu ba. Game da azumi, rangwamen da shari'a ta yi wa marar lafiya sananne ne, likitoci kuma sukan ba da shawarar a jinkirta shi a watannin farko, a rama daga baya. Wanda abin ya tsaya wa a rai ya tafi wurin malamin da ya yarda da shi, amma ya tafi da cikakken bayanin likita, don kada a yi masa fatawa a kan aikin ƙawa alhali nasa na magani ne.

6.3 "Me mutane za su ce?"

Wannan ta fi damun mata, kuma a ƙaramin gari ta fi ciwo. Matar da ta zubar da kilo 30 cikin shekara guda, ga gashi yana zuba a tsakanin wata na uku da na shida kamar yadda yakan faru kafin ya komo, ga fata ta saki, ba za ta rasa masu raɗa ba. Wani zai ce ƙanjamau ce, wani ya ce tarin fuka, wata ta ce sammun kishiya ne, dangi kuma su zargi miji da rowa. Ba wajibi ba ne a yi shela a kasuwa, amma ɓoye wa kowa da kowa yakan bar mutum shi kaɗai da nauyin. Dabara ita ce a zaɓi mutum biyu ko uku masu faɗa a ji a dangi, kamar uwa da babbar ya da wani dattijo, a sanar da su tun kafin tafiya. Idan surutu ya tashi, Inna ce za ta kashe shi da kalma guda: "Da sanina aka yi, magani ne."

6.4 "Ba ragwanci ba ne? Me zai hana in ƙara gwadawa?"

Mai ƙiba yakan zargi kansa, jama'a ma su taya shi. Abin da bincike ya nuna shi ne, idan nauyi ya yi nisa, jiki da kansa yake yaƙi da rama: yunwa ta ƙaru, ƙona abinci ya ragu, har sai abin da aka zubar ya dawo. Wannan ne ya sa 'yan kaɗan ne ke iya riƙe babbar rama da horon ci kaɗai. Duk da haka tambayar tana da wuri. Tun daga 2021, lokacin da Amurka ta amince da allurar Wegovy, an sami magungunan da kan rage wajen kashi 15 cikin ɗari na nauyi, sai dai suna da tsada, suna bukatar sanyin firji, kuma nauyin yakan dawo idan an daina. Ya dace a tattauna wannan da likita. Haka kuma a sani cewa aikin kansa ba ya hana nauyi dawowa ga wanda ya koma wa zaƙi da ciye-ciye. Gatari ne aka ba mutum, saran nasa ne.

6.5 "Idan na koma gida, wa zai duba ni?"

Ga shakkar da muka ce gargaɗi ce. Sauran huɗun ana iya kwantar da su da bayani, wannan kuwa sai da tanadi. Yoyon ɗinki yakan bayyana ne a kwanakin farko, alamunsa su ne bugun zuciya da ya haura 120 a minti, da zazzaɓi, da ciwon ciki ko na kafaɗar hagu, da haki. A wurinmu da an ji zazzaɓi sai a ce na cizon sauro ne, a aika kemis. Wanda ya yi haka da yoyon ɗinki yana iya rasa ransa kafin a kai shi Birnin Kebbi, balle Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Amai da ya ƙi tsayawa na kwanaki yana iya ƙarar da wani bitamin da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ke dogara da shi, lahanin kuma ya zama na dindindin. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda manomi kan saya kamar goro bayan aikin gona, suna iya huda sabon ɗinki da gyambo. Sa'an nan ga bitamin da sinadarin ƙarfe da na ƙashi da za a sha kullum har ƙarshen rai, da awon jini sau da yawa a shekarar farko, daga nan kuma aƙalla sau ɗaya kowace shekara. Mutumin bakin iyaka ya ga yadda rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019 ya tsayar da shigowar kaya, don haka ya san abin da ake samu yau ba lalle a same shi gobe ba.

Saboda haka, kafin mutum ya sa hannu, ya tabbata yana da amsar abubuwa huɗu: likitan da ke kusa wanda ya san an yi masa aikin kuma ya yarda ya riƙa duba shi, rubutaccen bayanin irin aikin da aka yi, wanda zai riƙa yawo da shi, lambar wayar da za a ɗauka idan ya kira, da tabbatacciyar hanyar samun magungunansa. Idan ɗaya daga ciki ya gagara, jinkiri ya fi alheri. Mutum yana da ikon ya ce a dakata, ko da an riga an sa masa rigar ɗakin fiɗa, kuma ɗaga rana ba abin kunya ba ne.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa aikin rage ƙiba magani ne tabbatacce ga wanda nauyi ya zame wa cuta, kuma haɗarinsa a hannun ƙwararru kaɗan ne. Mun kuma ga cewa aikin sa'a ɗaya ko biyu ne a kan gado, amma ɗawainiyarsa ta sauran rayuwa ce. Wanda zuciyarsa ke rawa a daren jajibiri, ya tambayi kansa ko tsoron wuƙa ne irin na kowane ɗan Adam, ko kuwa akwai wata tambaya da har yanzu ba a amsa masa ba. Idan na farko ne, ya tuna dalilin da ya fito da shi daga gida, ya yi addu'a ya kwanta. Idan na biyu ne, ya buɗe baki da safe kafin a tura gadon.

Akwai kuma aiki a gabanmu mu ɗaliban Hausa. Yawancin takardun da ake ba majinyaci ya sa wa hannu da Ingilishi suke, wanda ya fito daga Lafagu kuwa sau da yawa ta bakin tafinta yake jin abin da za a yi wa cikinsa. Samar da kalmomi da bayanai na Hausa waɗanda likita zai yarda da ingancinsu, tsohuwa kuma ta gane su, yana cikin abin da wannan sashe namu zai iya yi, ya kuma kamata mu fara.